Mota Nan, Ruwa Can

Tun tsohuwar unguwar tana ƙarƙashin hukuma ɗaya direban yake tuƙa motar kashe gobara. Ya ga ciyamomi iri-iri, masu gina kasuwa da masu rushe ta, amma bai taɓa ganin shirme irin na ranar da aka raba hukumar gida biyu ba. Babban lambatun da ya ratsa unguwar aka mayar iyaka, sannan manya suka zauna rabon kaya kamar magada, har fankoki da kujeru. Da aka zo kan kashe gobara sai aka ba Gabas mota, aka ba Yamma tankin ruwa, kowa ya tafa wai an yi adalci. Tun daga nan motar take zaune ba ɗigon ruwa a harabar Gabas, kuma ba ta tsallake gada sai da sa hannun ciyaman.

Ran nan da rana tsaka wayarsa ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce.

"Yaya, wuta! Layin kafintoci ya kama, ta ci ƙofar gidanmu. Inna na ciki, na kasa shiga!"

Gidan a Yamma yake, kuma mahaifiyarsu ta daɗe ba ta iya taka ƙafa. Ya faɗa ofishin sakatare ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, uwata ce a cikin wuta."

"Subhanallahi! To amma ciyaman na taro. Ka fitar da motar nan ba takarda, ka sani a bakin aikinka."

Bai tsaya jin sauran ba. Ya fizgi makulli, ya saki jiniya, ya tsallake gadar da gudun da bai taɓa yi ba, ya nufi tankin Yamma. Mai kula da tankin tsohon abokin aikinsa ne tun kafin rabo. Yana hango shi ya wangale get, bai tambayi komai ba. Suka jawo tiyo, direban ya kai shi bakin famfo, ya murɗa. Ya ƙi shiga. Ya sake murɗawa da ƙarfi har fatar hannunsa ta saɓule.

"Me ya samu bakin nan?"

Abokin ya dafe kai. "Wallahi na manta! Bara aka canza shi, wai don ya dace da sabuwar motarmu."

"Ina sabuwar motar?"

"Tana cikin kasafin kuɗi."

Direban ya ji kamar ya fashe da kuka. Ya tuɓe rigarsa ya naɗe mahaɗar, suka danne da hannu su biyu. Ruwa ya yi ta tsiri yana jiƙa su, kaɗan ne ke shiga mota. Can saman rufin gidaje hayaƙi ya koma baƙi ƙirin.

"Ƙara haƙuri ta cika," in ji abokin. "Wannan ba zai kashe komai ba."

"Ya isa haka. Rufe!"

Lungun ya cika da jama'a masu bokiti. Ƙanwarsa na birgima a ƙasa, mata sun riƙe ta. Maƙwabta suka yi caa, kowa na nuna masa nasa rufin. Ya toshe kunnensa, ya saita tiyon a ƙofar gidansu kaɗai, har wutar ta ja baya ta bar 'yar hanya. Ya miƙa wa wani kafinta tiyon, ya rufe fuska da jiƙaƙƙiyar rigar, ya kutsa.

Da lalube ya same ta a gefen gado, ta sauko ta kasa gaba. Ya saɓe ta a kafaɗa. Yana fitowa tiyon ya yi tari ya tsaya, rufin ɗakin da aka haife shi ya rufta a bayansa.

Ya zaunar da ita a jikin motar yana mata fifita. Ta daɗe tana tari, sannan ta ɗaga ido ta dubi jar motar, ta shafa ƙarfenta.

"Allah ya yi wa hukumar garin nan albarka," ta ce. "Dubi yadda suka turo ka da wuri."

Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, ya dubi fuskarta, ya fasa.

"Amin, Inna," ya ce.