Bargon Gilashin Gaba

Duk wanda ya sake leƙo gidanmu ya ce mini, "Kai, motar nan taku kamar yau aka fito da ita daga kamfani," wallahi sai ransa ya ɓaci. Ai na fi kowa sani. Shekara goma sha takwas tana tsaye a farfajiyar gaba, ba gareji ba rumfa, a garin da ƙanƙara ke sauka kusan duk damina, amma ko lotsawa ɗaya babu a jikinta. Mu muka san yadda aka yi.

Baba direba ne. Shekara talatin ya yi yana jan motocin ofis. Wata rana ƙanƙara ta ritsa shi a fili da motar oga, gilashin gaba ya tarwatse, ogan ya tsayar da shi gaban masu gadi da masu shara ya wanke shi tas. Baba bai taɓa ba mu wannan labari ba, wajen Mama muka ji. Da ya yi ritaya ya sayi tasa, sai ya mayar da mu sojojinta.

Kowa da aikinsa. Mama ita ke jawo katifar babban gado ta ɗora kan rufin motar. Ƙanwata Auta ta shimfiɗa tabarmi da kwalaye a gaba da baya, sannan ta ɗauko wani faffaɗan katako mai nauyi ta danne katifar don kada iska ta yi gaba da ita. Ni kuma nawa bargo ne mai kauri, ruwan toka, na gilashin gaba: in shimfiɗa, in maƙale gefe ɗaya da ƙofar direba, in zagaya in maƙale ɗayan. Baba yana tsaye da agogo a hannu. Minti huɗu yake ba mu. Da zarar ya ɗaga kai ya ga abin da ya gani a sama, sai ka ji, "Mota tukuna!" Ko tukunya ce a wuta, ko shanya ce a igiya, ba ruwansa. Akwai ranar da Auta ta fito daga banɗaki da kumfar sabulu a ka, ido a rufe, tana lalubar tabarma.

Maƙwabcinmu kafinta ne, shi tasa motar a titi take kwana, ruwa da rana. Ƙanƙara ta yi mata ramuka tun daga gaba har baya, Baba ya raɗa mata suna Mai Zanzana.

"Kafinta, yau ma an ƙara wa amaryar taka kwalliya?" in ji Baba ta saman katanga.

"An ƙara, Baba. Amma dai tana tafiya."

Bara ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Baki ya karkace, magana ta tafi, ba abin da ya rage sai "um, um" da hannun hagu. Ya koma keken guragu. Makullin motar yana ƙarƙashin matashinsa, ko Auta da ta koyi tuƙi bai yarda ta taɓa ba. Duk Asabar mu wanke motar mu goge, yana kallonmu ta taga.

Ƙofar bayan gidanmu tana da matakala biyu, keken ba ya hawa sai da abin gangarawa. Da muka duba gidan kaf, ba katako mai faɗi da ƙwari sai na danne katifa, muka jingina shi a wajen. Bargon nan kuwa Baba da kansa ya nuna shi, don ƙafafunsa kullum sanyi ƙalau suke, shi ake rufa masa a gwiwa. Tun da ya kwanta ciwo ƙanƙara ba ta sauka ba, saboda haka ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa katakon da bargon yanzu aiki biyu suke yi.

Ran nan tun safe garin ya ɗaure. Zafi ba iska, ko ganye ba ya motsi. Wajen ƙarfe huɗu na yamma na gangarar da Baba tsakar gida ta baya ya ɗan sha iska, na gyara masa bargo, na koma ɗakin gaba kan keken ɗinkina. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina ɗinki ba. Abin da ya sa na ɗago kai shi ne na kasa bambance baƙin zare da shuɗi. Hasken da ke shigowa ta taga ya koma wani iri, kore-kore, mai datti. Tsuntsayen da ke damunmu da kuka a bishiyar titi sun yi tsit. Sai wata iska mai sanyi ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa ta taɓa mini ƙafa. Can nesa na ji wata ƙara, ba tsawa ba ce, kamar tifa na juye tsakuwa, kuma ba ta tsayawa.

"Mota tukuna!"

Muryar Mama ce, amma har yadda Baba ke jan kalmar ta ɗauko.

Ni dai Allah ne shaidata, baya na fara nufa, wajen Baba. A lungun da ya raba ɗakuna muka yi karo da Auta tana jan wani abu mai nauyi, ban ko kalle ta ba. Sai da na isa ƙofar baya na ga matakala tsirara. Katakon ta ɗauke.

Na diro, na juya keken, na taka ƙarfen baya na ɗaga ƙafafun gaba. Suka hau matakalar farko, na tura da ƙirji, keken ya dawo mini. Baba ba ƙaramin mutum ba ne, ciwo bai rage shi ba. Na sake gwadawa, ya sake dawowa har ya taka mini yatsa.

"Auta! Auta, kawo katakon!"

Iska ta kwashe muryar. Kayan shanya suna ta marin juna a igiya, bokiti ya gangara ya bugi bango.

Baba bai ko dube ni ba, sama yake kallo. Duk unguwar nan ba wanda ya kai shi karanta hadari, kuma na ga abin da ya karanta a fuskarsa. Ya sa hannun hagu ya tattaro bargon daga gwiwarsa ya cusa mini a ƙirji.

"Um! Um!" Yana nuna cikin gida da haɓa.

"Haba Baba, bari in shigar da kai tukuna."

Ya buge mini hannu. Ya zuba mini idon nan nasa na tsayuwa da agogo. Shekarata talatin da biyu, ina da masu koyon ɗinki a ƙarƙashina, amma nan take na koma 'yar sha huɗu. Na ce a raina, ai dama gaban zan je ɗauko katako, meye a ciki in na tafi da bargon? Na tura shi jikin bango, inda bakin rufin kwano bai fi taƙi ɗaya ba, na danne birkin keken don kada iska ta gangarar da shi.

"Minti ɗaya, Baba. Yanzu zan dawo."

A gaba na tarar da Mama ta rungume gefen katifa, ɗankwalinta ya tafi. Auta tana kan murfin inji da gwiwoyi, ta danne katakon da hannu biyu.

"Ba ni katakon nan! Baba na baya!"

"Yaya, in na ɗaga katifar ta tafi! Sa bargon tukuna!"

"Ke gilashi!" in ji Mama. "Gilashi a buɗe yake!"

Hannuwana ne suka yi aikin, ban sa su ba. Na shimfiɗa, na buɗe ƙofar direba, na cusa, na rufe. Na zagaya, na buɗe ɗayar, na cusa, na rufe. Ina juyowa in fizgi katakon, ƙanƙara ta farko ta sauka kan ƙofar ƙarfen gidanmu. Ƙwal! Ta yi tsalle ta faɗo gabana, girman lemon tsami. Ta biyu ta fi ta. Daga nan sama ta ɓalle.

Ban taɓa ganin irinta ba. Kamar ƙwan kaji, wasu da tsini. Rufin kwanon unguwar gaba ɗaya ya ɗauki ƙara har ba ka jin numfashinka. Iska ta shiga ƙarƙashin katifar ta ɗaga ta, katakon ya zame, na cafke kusurwa ɗaya kafin ta tashi. Wata ta same ni a kafaɗa, hannun ya mutu na ɗan lokaci. Na ga bakin Mama yana cewa "Riƙe!" Na riƙe. Muka cusa kawunanmu ƙarƙashin bakin katifar mu uku, muna rataye da ita.

Auta ta ce minti uku aka yi. Ni ban sani ba. Abin da na sani, kuma shi ke ci mini rai har yau, shi ne ban manta da shi ba. Da ma mantawa na yi. Duk wadda ta sauka kan katifar nan, na san 'yar'uwarta tana sauka a baya, na san a kan wa, na kuma san ni na danne birki. Sau biyu na ce wa hannuwana su saki, ba su saki ba.

Yadda ta fara haka ta ɗauke, lokaci guda. Farfajiya ta yi fari fat, ganyaye sun zube, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa. Muka kalli juna. Muka kwasa da gudu zuwa baya.

Yana nan inda na ajiye shi. Hularsa tana ƙasa cike da ƙanƙara. Hannun hagun da ya kare kansa da shi ya kumbura ya faɗo gefe. Jini yana bin bayan kunnensa yana shiga wuyan riga, ba ya tsayawa, don likita ya ɗora shi kan maganin tsinka jini. A cinyarsa, daidai inda bargon yake zama, ƙanƙara ta taru tuli guda.

Mama ta ɗora hannu a ka tana salati. Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba, na ce ta kama. Mu uku muka ɗaga shi da keken gaba ɗaya muka haye matakalar a ɗauka ɗaya, ba katako ba komai.

Auta ta zaro makulli daga ƙarƙashin matashi. Muka yaye katifa, muka watsar da tabarmi, na fizge bargon. Ga mota tana ƙyalli. Muka kwantar da Baba a baya, Auta ta murɗa makulli.

Ƙas.

Ta sake. Ƙas. Ƙas.

Wata goma sha ɗaya muna wanke ta muna goge ta, ba wanda ya taɓa tada ta. Batir ya mutu tuntuni.

Kukan Mama ne ya jawo Kafinta. Bai tambayi komai ba, ya sunkuci Baba kamar yaro ya fita da shi titi. Gilashin bayan Mai Zanzana ya fashe, Kafinta ya share kujerar da hularsa, ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. Na zauna a baya, kan Baba a cinyata, na danne raunin da ɗankwalina. Muna wuce ƙofar gidanmu Baba ya buɗe ido ɗaya, ya kama bakin hannun rigata da kumburarrun yatsunsa.

"Um?"

Na san abin da yake tambaya. Raina ya yi baƙi ƙirin, na so in yi masa ihu, amma ban yi ba.

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Ko ƙwarzane babu."

Ya saki rigar.

A asibiti likita ya ce jini ya taru a cikin kai. Ya duba hannun, ya duba kan, sannan ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Shi kaɗai ne a gidan lokacin?" Kwana biyu Baba ya yi bai sake buɗe ido ba, rana ta uku da hantsi ya cika.

Shekaranjiya hadari ya sake haɗowa. Ina kan keken ɗinki hasken ya canza, iskar nan mai sanyi ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Na yi rantsuwa a raina ko ƙanƙarar za ta niƙe motar nan ta zama gari, ba inda za ni. Gidan shiru, Mama ba ta yi kira ba. Sai na ji ƙarar jan katifa a ƙasa daga ɗakinta, a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Na ji Auta ta buɗe ƙofar baya.

Na duba hannuna, bargon yana ciki.