Rumfar Direbobi

Mai tasi ya taka burki a bakin sabon gidan tarihi, ya gyara hularsa a madubi, sannan ya juyo ga abokan aikinsa uku da ya kwaso daga tasha.

"To, ku buɗe ido ku ga aikin 'yata."

Ginin kuwa ya isa kallo. Ya taso daga ƙasa a kwance kamar tudun rairayi, bangonsa jan dutse ne da aka huhhuda, rana na ratsa dubban ƙananan tagogi tana zuba zane a daɓe. A da, baƙon da ya sauka a wannan gari na hamada ba ya ɗaukar hoton komai sai rairayi. Yanzu ginin ne a bangon filin jirgi, a jikin bas, har a murfin littafin 'yan makaranta. Baƙi sun daina faɗin inda za su, sai dai su nuna wa direba hoton a waya.

Duk wanda ya nuna masa, mai tasi sai ya ce 'yarsa ce ta zana. Ya faɗa har 'yan tasha suka laƙaba masa Uban Gini. Abin da ya sani dai kaɗan ne: tana aiki a kamfanin da ya yi zanen, tana dawowa gida da manyan takardu a nannaɗe. Sauran da bakinsa ya cike. Yau ake buɗewa, kuma Gardama, direban da bai taɓa yarda da maganar kowa ba tun da ya iya magana, ya ce sai ya gani da idonsa.

Yarinyar ta tarbe su a ƙofa, ta rusuna ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta shige da su. Ciki sanyi ƙalau, ba ƙarar na'ura ko ɗaya. Har Gardama ya saki baki. Amma da suka iso allon tagulla mai sunayen waɗanda suka yi zanen, sai ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama.

"Uban Gini, ko da wani sunan take aiki?"

Mai tasi ya juya. Ya dubi 'yarsa.

"Baba, ai na sha gaya maka, ba ka ji," ta ce a hankali. "Mu arba'in ne a ofis. Wannan na manya ne. Nawa yana baya."

Suka bi ta ta ƙofar ma'aikata, suka wuce ɗakin janareta da manyan kwandunan shara, zafi ya mare su. Kunya ta rufe mai tasi. Ya san kafin la'asar labarin ya gama zaga tasha, da ƙari.

A bayan ginin akwai filin ajiye tasi, a gefensa wata doguwar rumfa ta jan dutse.

"Shi ke nan?" in ji Gardama.

"Shi ke nan, Kawu. A zanen farko ba ta ciki, kwalta ce kawai. Wata huɗu ina rigima da shugabanmu kafin ya sa hannu."

Suka shiga, ba don sha'awa ba, don rana ta kore su. Iska ta ratsa musu riguna. Ta nuna musu rufin hawa biyu ne, zafi na fita ta tsakani, kuma bakin rumfar ya juya wa ranar yamma baya. Akwai dogon benci, majingininsa ya ɗan kwanta kamar kujerar mota. A ƙarshe ga famfo ƙasa-ƙasa, daidai wanke ƙafa.

Gardama ya zauna a nan, ya tashi ya koma can, yana farautar aibi. Ya ƙwanƙwasa dutsen, ya murɗa famfon, ruwa ya zubo.

"Me ya sa rumfar ta lanƙwashe haka? Ma'auni ya ƙwace muku?"

"Don duk inda mutum ya zauna ya hango motarsa. Baba ne ya ce direba ba ya hutawa in ba ya ganin motarsa."

Mai tasi bai tuna ya taɓa faɗi ba. Wata ƙila wata rana ce ya dawo a gajiye yana mita, ita kuma tana ƙarama tana cire masa takalmi. Ya zauna a hankali, ya jingina, bayansa ya sami wurinsa.

"Ba za a sa wannan a hoto ba fa," Gardama ya ce, amma ya riga ya miƙe ƙafa.

"Ba za a sa ba, Kawu."

"Uwata," mai tasi ya ce, "shekara talatin da ɗaya ina jira a rana a garin nan."

Wayarta ta yi ƙara. Za a fara jawabai, ta ce, ta kama musu kujeru huɗu a ciki, a layi na uku.

Ya sunkuya ya zare takalmansa, ya jera su ƙarƙashin bencin.

"Je ki, kada su jira ki. Ki ba wasu kujerun. Mu mun riga mun zauna."