Ramin Bayan Ɗakin Auta

Inna Barira tana tsince shinkafa a gindin dalbejiya, amma idonta na kan Ramalan mai gyaran wuta, wanda ya durƙusa a bayan ɗakin Amiru yana haƙa rami. Tun safe take lura da shi. Ya fasa bango, ya jawo waya mai kaurin yatsa daga wajen mita, ya kafa wani farin akwati mai makunnai, duk ba ta tanka ba. Ramin nan ne ya tsaya mata a rai.

Amiru autanta ne. Ya dawo Rano daga Kano da wasu baƙaƙen kwamfutoci marasa fuska a cikin kabad ɗin ƙarfe mai tsayin mutum, yana kiransu saba. Wai tunda jarrabawar shiga jami'a ta koma kwamfuta, yaran Rano da Kibiya za su riƙa gwaji a shagonsa da ke jikin gidan, waɗannan kuwa su ne uwar aikin. Wutar gidan ba za ta ɗauke su ba, sai an ja musu layi daban. Duk wannan ta yarda. Amma a ce duk masu gyaran wutar garin nan a rasa wanda za a kira sai Ramalan, ɗan Haliru na Tarai? Halirun da marigayi mijinta ya kayar a gaban alƙali kan iyakar gona, ya fito yana cewa za a gani?

Tana kallo Ramalan ya buga wata sandar jan ƙarfe a cikin ramin har ta kusa nutsewa, ya ɗaura mata koriyar waya. Sannan ya zaro baƙar leda daga jakarsa, ya zazzage gawayi, ya bi da gishiri, ya kwara ruwa. Bakinsa ma motsi yake. Ta ajiye farantin ta taso.

"Kai Ramalan, me ake binne mini a gida?"

"Ƙa'idar aikin ce, Inna," ya ce, bai ko ɗago ba. "Danshi yake riƙewa."

"Gishiri da gawayi? Daga gidanku ka taho da su?"

Amiru ya leƙo ta taga yana dariya. "Inna, don Allah ki bar shi ya yi aikinsa."

Dariyar ta fi komai yi mata ciwo. Yaron da aka haifa jiya, me ya sani? Ita da idonta ta ga abin da aka tono a ƙofar shagon ƙanenta a Fammar, bayan ciniki ya mutu murus. Ta koma ta zauna, shinkafar ma ta daina ganinta.

Da lokacin Juma'a ya yi, Ramalan ya mayar da ƙasa, ya tattara kayansa, ya ce aiki ya kammala, in an kawo wuta sai a kunna. Suka fita masallaci tare, shi da Amiru, har da riƙe hannu.

Tana jin ƙafarsu ta yi nisa ta ɗauko fartanya. Ta yi bisimilla, ta tone ramin, ta kwashe gawayin da jiƙaƙƙen gishirin ta zuba a masai. Sandar ta ƙi fita, ta ja har bayanta ya amsa, sai ta sa lauje ta datse koriyar wayar ta lanƙwasa ta gefe. Ta cike ramin, ta tattake, ta bi da tsintsiya. Sai a lokacin hankalinta ya kwanta, har ta ɗora tukunya tana murmushi.

Bayan la'asar aka kawo wuta. Amiru ya fito daga alwala, hannu a jiƙe, ƙafa ba takalmi, farin ciki kamar ya tashi sama.

"Inna, zo ki sa mini albarka kafin in kunna."

Ta shiga ɗakin ta tsaya daga bakin ƙofa. Ya jingina da kabad ɗin yana shafa shi. Ta yi masa addu'a, sannan ta tambaya kamar abin bai dame ta ba.

"Wai ni Auta, ramin nan na mene ne?"

"Au, har yanzu yana ranki?" Ya bubbuga ƙarfen da tafin hannu. "Kin ga wannan? Wutar da ke shiga nan ba irin ta ƙwan fitila ba ce. In waya ta ɓalle ta taɓa jikin ƙarfen, koriyar wayar nan ce ke janye wutar ta kai ta ƙasa. In babu ita, ta jikin wanda ya taɓa za ta bi."

"Ta yi masa me?"

"Sai dai a yi masa wanka, Inna."

Ta dubi hannunsa a kan ƙarfen. Duk da haka ta daure. "Ɗan Halirun ne ya karanta maka wannan?"

"A makaranta na karanta, tun ban san shi ba."

Ya miƙa hannun dama zuwa ga farin akwatin, na hagu yana kan kabad ɗin. Ba ta san lokacin da ta tsallaka ɗakin ba. Ta damƙe wuyan hannunsa da ƙarfin da ya sa ya juyo yana kallonta. Tsoro da kunya suka haɗe mata, ta kasa haɗa ido da shi.

"Kar ka kunna. Ɗauke hannunka daga ƙarfen nan."

"Lafiya, Inna?"

"Na tone. Wayar ma na yanke ta."

A hankali Amiru ya janye hannunsa daga jikin kabad ɗin, ya dubi ƙafafunsa a kan siminti. Ita kuwa ba ta sake shi ba.

"Kira shi ya dawo," ta ce. "Amma ka gaya masa ya bar ledarsa a gida. Gishiri da gawayi ina da su a madafa, kuma a kansa zan tsaya har ya gama."