Wanda Ya Ji Zakara

Engkus, wanda kowa ke kira Mang, wato kawu, ya sauko daga ƙaramar bas rungume da wata baƙar leda, ruwan Disamba yana tsula. Ya tsaya a ƙofar wani shagon kofi yana karkaɗe hularsa. Kaset goma ne a cikin ledar, kuma su suka hana shi cin abincin rana.

Shekara talatin da huɗu yana buga kaset a birnin Bandung. Ya buga na wa'azi, ya buga na biki, har sana'ar ta mutu aka manta da ita. Sai ga waɗannan samari masu gemu da tabarau na gayu sun tono ta, wai sautin kaset ya fi rai. Yawancinsu ko juya zaren kaset da biro ba su iya ba. Bai taɓa ganin girmansu ba, amma da aikinsu yake buɗe shago, musamman na Yudis, mai wani ƙaramin kamfanin waƙa, wanda kusan shi kaɗai ya rage masa.

A watan Afrilu Yudis ya kawo masa albam ɗin wata mawaƙiya, Winda. Waƙa takwas ne, muryarta da jita kawai, a kan ƙauyensu da ruwan dam ya cinye. Aka yi alfahari cewa a kaset kaɗai zai fita, ba za a sa shi a intanet ba. Engkus ya buga ɗari na sayarwa da goma na alƙalan mujallar nan mai fitar da jerin gwanayen albam duk ƙarshen shekara. Ya kuma ajiye goma masu bango da suna amma ba komai a ciki, saboda ko wani zai lalace.

Yau da safe yana share ƙarƙashin tebur ya ci karo da kwali, da rubutun hannunsa a jiki: na alƙalai. Ya sa ɗaya, sai ga muryar Winda. Ya duba inda ya ajiye goman da ba komai, wayam. Ashe su ya naɗe a leda ya aika. Kuma jiya mujallar ta sanar cewa albam ɗin Winda ne na ɗaya a bana, a gaban 'yan rok da 'yan gambarar zamani da duk masu cin gashin kansu.

Shagon, inda mujallar take bikin karrama gwanayen yau, ya cika maƙil. Ana sayar da kofi rupiya dubu arba'in, abin da zai ciyar da mutum wuni guda, suna kurɓa suna lumshe ido kamar maganin gargajiya. Engkus ya hango Yudis ya ja shi gefe, ya buɗe masa ledar, ya faɗa masa komai.

Dariya ta kufce wa Yudis, sannan ya haɗiye ta.

"Mang, wa ka faɗa wa?"

"Kai ne na farko. Laifina ne, zan faɗa da bakina."

"Ka faɗa wa wa? Mutum goma, wata takwas, ba wanda ya yi ƙorafi. A bar kaza cikin gashinta mana."

"Ban taɓa fitar da kaset mara sauti ba."

"To yau ka fitar, har ya ci na ɗaya." Ya sassauta murya. "Albam shida zan kawo maka baɗi. Ka buɗe baki a nan, wallahi ko ɗaya ba za ka gani ba. Ka sha kofi, ni zan biya."

Engkus bai sha ba. Ya nufi teburin gaba, inda Galih, shugaban alƙalan, yake zaune ya naɗe wuya da gyale a garin da ba a taɓa yin sanyin kirki ba. Shi ya rubuta sharhin: wai albam ne "mai magana da shiru". Wannan kam bai yi ƙarya ba.

"Kang Galih, barka. Ni na buga kaset ɗin," in ji Engkus, yana girmama shi da Kang, wato yaya.

"Kai, Mang! Hannunka akwai albarka. Irin wannan ɗumin sauti, ina za a same shi a waya?"

"Wace waƙa ta fi kama ka?"

Galih ya shafa gemu. "Ai ba a yanka irin wannan aiki gunduwa-gunduwa, Mang. Gaba ɗayansa ake ji."

"Ga wani, idan naka ya lalace."

"Haba, nawa yana nan garau, ko ledarsa ban cire ba. Da ka ɓare leda daraja ta faɗi." Sai ya ji abin da ya fito daga bakinsa, ya yi saurin ƙarawa, "Na wani aboki na saurara."

Engkus ya tabbata abokin ma na wani aboki ya saurara. Ya raina su tun da daɗewa, amma yau ne ya ji raini ya kai masa har wuya. Ya koma baya ya zauna kusa da wani tsohon rediyon kaset da aka ɗora a kanta don ado, an dasa fure a inda ake sa batir.

Nan Winda ta same shi. Siririya ce, takalminta ya jiƙe, idonta ya yi ja. Ta kama hannunsa ta kai goshinta.

"Mang, ka gani? Shekara biyar ina wannan aiki. Inna ta ce wa zai saurari labarin ƙauyen da ma babu shi. Ga shi an saurara."

Ya dube ta. Ga maganar a bakinsa, ga albam shidan Yudis, ga wannan fuska. Shi dai ya san waƙoƙin. Al'adarsa ce ya saurari kowane aiki daga farko har ƙarshe kafin ya buga, kuma nata sau uku ya ji, abin da bai taɓa yi wa na masu gemun nan ba.

"Neng," ya ce, kamar yadda ake kiran 'yan mata a nan, "a waƙa ta shida, bayan kin ambaci rijiyar masallaci, akwai zakara da ya yi cara can nesa. Na so in goge shi, sai na ga kamar da gangan kika bari."



"Zakaran babana ne," ta ce a hankali. "Na ɗauka a waya ranar da muka kwashe kaya. Na yi ta jira wani ya tambaye ni. Na karanta sharhi goma, Mang, ba wanda ya ambace shi."

Idonta ya sauka kan ledar da ke cinyarsa. Bai rufe ba, bai kuma buɗe ba. Ta sa hannu ta ɗaga kwalin, ta karanta rubutun jikinsa, ta bi kaset ɗin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har goma.

"Me ke cikin waɗanda aka aika musu?"

"Ba komai, Neng. Kuskurena ne."

Daga can Yudis yana kallonsu, kofi a hannu, fuskarsa a murtuke. Engkus ya san aikin baɗi ya tafi. Abin mamaki, sai ya ji yunwa ta dawo masa.

Mai gabatarwa ya gama da na biyar har na biyu, ana ta tafi da fito, sannan ya kira sunan Winda. Ta daɗe a tsaye har aka sake kira. Ta hau ɗan dandamalin, Galih ya miƙa mata allon yabo da hannu biyu, ya juya fuska wajen masu ɗaukar hoto. Aka ba ta makirufo. Ta dubi teburin alƙalai, mutum goma, kowa yana murmushi.

"Ba ni da dogon jawabi," ta ce. "Ina godiya ga wanda ya ji zakara."

Galih ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai, yana gyaɗa shi a hankali. Sauran taran suka yi yadda ya yi. Shagon ya ɗauki tafi.

Engkus ya ƙulle bakin ledarsa ya sa hularsa. Ruwan ya tsagaita, kuma a tsallaken titi akwai mai suyar wainar kayan lambu da ya sani tun kafin a haifi Galih.