Makunnin Fitilar Babur

Tun da aka hana hawan babur a Diffa, abin da ya rage wa Fannami na sana'arsa ta kabu-kabu shi ne makunnin fitila. Ya kwance shi daga jikin babur ɗin, baƙar roba mai guntayen wayoyi a gindi, ya maida shi abokin zama. Ƙas, ƙas. Ƙas, ƙas.

Yayarsa Zainaba ta tsani ƙarar nan kamar kukan sauro, amma ta san amfaninta. Fannami ya kai fasinja Damasak ranar da 'yan Boko Haram suka shiga garin. Yana kwance cikin kwata ya ga an yanka mutumin da ya goyo. Ya ƙetaro kogin Komadugu da iyo, ya iso gida jiki lafiya lau, sai dai hankali ya ƙi zama wuri ɗaya. A buga ƙofa da ƙarfi, jikinsa ya hau ɓari, magana ta ɗauke. Rubutu ya sha har ya gaji, carbi kuma tsinkewa yake a hannunsa. Makunnin nan kaɗai ke dawo da shi. In yatsa na dannawa numfashi na sauka, har ya wuni yana tsintar tattasai.

Ranar kasuwa ta ce, "Fannami, ka bar abin nan gida."

"To, Ya Zainaba." Ya ce to, ya kuma jefa shi aljihu.

A bakin kasuwa 'yan banga ke bincike, maza layinsu daban, kowa ya ɗaga riga ya nuna ciki. Shugabansu Gajere, mutumin da gorarsa ta fi shi tsawo, sai zare ido yake. Zainaba na layin mata sai tayar wata mota ta fashe. Jama'a suka zube ƙasa, suka tashi suna yi wa juna dariya. Fannami bai yi dariya ba. Tana hango shi, hannunsa ya shiga aljihu ya fito a dunƙule, wayoyi na reto.

"Kai! Mi ke hannunka?" Gajere ya daka tsawa. "Buɗe! Ale, buɗe!"

Ina! Tsawa ce ma ke ƙara damƙe hannun. Ƙas, ƙas.

"Ɗan bam ne!"

Kasuwa ta watse. Tattasai ya zube, aka bi ta kan tsofaffi. Gajere ya kai wa hannun gora, Zainaba ta ji ƙarar ƙashi daga inda take. Fannami ya faɗi. Da samari suka ga bai tashi da kowa ba, jarumtaka ta zo musu. Wannan ya taka yatsun da takalmi, wancan ya sauke masa bulo a kafaɗa, jini ya wanke masa fuska. Ko ihu bai yi ba.

"A kawo isansi! A ƙone shi!"

Zainaba ta ga wani ya taho da kwalbar fetur. Tsoro ya bar ta, fushi ya maye. Ta yar da kayanta ta kutsa, gora ta same ta a baya, ta faɗa kan ƙanenta. Ta zare makunnin daga karyayyun yatsunsa, ta ɗaga sama.

"Ga bam ɗin! Ku duba, 'yan banza!"

Ta danna. Suka ja da baya, har da masu kwanciya. Ta danna, ta sake dannawa, tana kuka tana zagi. Ba abin da ya tashi.

Kunya ta kama Gajere, ya rasa inda zai kai ta. Ya fizge makunnin, ya sa dugadugi ya murƙushe shi. "Gobe ma ya sake fitowa da shi."

Wani mai amalanke ya taimaka suka ɗora Fannami, aka nufi gidan likita. A hanya ɓarin ya taso masa, haƙora na haɗuwa, ido ya juye. Hannun ya kumbura suntum, yana ta lalube a kan katako, ba abin kamawa. Zainaba ta dubi hannun. Ta sunkuya, ta kai bakinta kunnensa, ta manna harshe a ganɗa.

"Ƙas, ƙas. Ƙas, ƙas."

Mai amalanke ya waiwayo, ya kau da kai. Ba ta daina ba, har ta ji numfashinsa ya fara bin nata.