Maɓallin da Malam Danna Bai Ƙarasa Ba

"Goge wannan 'Ƙarin bayani' ɗin," in ji Malam Danna, yana nuna fuskar kwamfuta da bakin biro. "Wa kika taɓa gani ya ɗaga waya saboda ƙarin bayani?"

Ina zaune gefensa a ɗan ɗakin da ya mayar ofis. Ƙofarsa na kallon tawa a bene na biyu. Aikinsa rubuta wa 'yan kasuwa kalmomin da ake sawa a kan maɓallan shafukansu na intanet, shi ya sa duk gidan muke ce masa Malam Danna, har matarsa in ta so tsokana. Ni labule nake ɗinkawa. Mutane na shiga shafina su kalli hotuna, su fice ko sallama babu.

"To me zan sa?" na tambaye shi.

"In mutum ya gama kallo, me kike so ya yi? Abu ɗaya, ba uku ba."

"Ya aiko min awon tagarsa."

"To faɗa masa mana. Kin tsaya nuƙu-nuƙu kamar kin je gaida surukai."

Ina dariya ya jawo allon rubutun kwamfutar gabansa. Ya rubuta "Aiko da awon tag", sai harafin ƙarshe ya yi ta maimaita kansa, layi ɗaya, layi biyu. Na ɗauka maɓallin harafin ne ya maƙale. Sai na ga hannunsa na dama kwance a kan allon kamar ba nasa ba. Biron ya faɗi ƙasa. Bakinsa ya karkace gefe guda.

"Malam? Malam, wasa kake?"

Ya buɗe baki, maganar ta fito kamar ya cika shi da ruwa. Idonsa kuwa garau, yana kallona. Ya san abin da ke faruwa da shi. Wannan ya fi komai tsorata ni.

Na fita bakin bene na yi ta kiran mutane. Mai wanki ya hawo, da direban tasin da ke ƙasa, da tsohuwar da ke ɗakin kusurwa. Suka cunkushe a ƙofa, wannan ya ce a ba shi ruwa, waccan ta ce a yi masa fifita, ba wanda ya matso. Na kamo hannun rigar direban.

"Yaya, juyo da motarka bakin ƙofa. Kai kuma, mai wanki, kama ƙafafunsa."

Benen namu matsattse ne. A kowace kwana sai na tare kansa da tafina kada ya bugi bango. A mota na ɗora kan a cinyata. Matarsa malamar makaranta ce, tana aji, wayarta a kashe. Sau shida na kira kafin na tuna da lambar ofishin makarantar.

A cikin cunkoson motoci ya damƙe wuyan hannuna da hannunsa na hagu. Yana ta ƙoƙarin faɗin wani abu, sauti ɗaya, yana sakewa, yawu na bin gefen bakinsa. Na kasa kunne har kumatuna ya taɓa nasa. Ban gane komai ba.

"To, Malam, na ji," na ce. "Na ji, zan faɗa mata."

Sai ya sassauta riƙon, ya lumshe ido.

Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwa. Kwana biyu ya yi bai farka ba, ranar na uku da hantsi ya cika.

A barandar asibiti matarsa ta tsare ni da ido. "Ƙanwata, ke ce a wajensa. Ya ce wani abu?"

Na so in ƙirƙiro mata magana mai daɗi, na kasa.

"Ya yi ƙoƙari, Anti. Na ce masa na ji, amma wallahi ban gane ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, ba ta sake tambayata ba.

Bayan mako biyu na ƙarasa rubutun maɓallin da kaina. Yanzu mutane na aiko awon tagoginsu, amma duk sanda wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. In hannuna ya yi sanyi a kan keken ɗinki, sai in tsaya, in ɗaga shi sama, in kira sunana da ƙarfi don in ji ko maganar ta fito daidai.

Ranar da Anti ta koma aiki, na dawo daga sayen yadi da la'asar na tarar da ita zaune a matakalar ƙarshe, jakar littattafan ɗalibai a cinyarta, makulli a hannu. Ba ta buɗe ƙofar ba. Na ajiye yadin, na zauna a matakalar da ke ƙasa da tata. Daga tsakar gida muna jin famfon mai wanki yana zuba a bokiti.