Gajeren Sikin Maazou

Gurbin aiki guda ne ya rage a labo, ɗakin gwaje-gwajen lizinmu, masana'antar nan ta Saint-Fons kusa da Lyon, mu kuwa mu biyu ne, ni da Maazou. Wanda ya samu zai zauna Faransa da takardunsa. Wanda ya rasa, katinsa na ɗalibta zai mutu cikin Satumba, sai ya tattara ya koma Maradi. Farkon shekarar 1985 ke nan, lokacin da sanyi ya daskarar da ruwan famfon benenmu a Vénissieux.

Maazou taubashina ne, ɗan kawuna. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yawo ba wando yake ce mini bawansa. Wasan taubasai dai kun san shi: a zage ka ka yi dariya, a kwashe maka takalmi a masallaci ka yi dariya, wanda ya yi fushi shi ya ji kunya. Shekara ashirin da shida ina dariyar nan. Kuma, wallahi, ya fi ni aiki. Abin da zan kwana biyu ina aunawa, shi kafin azahar ya gama yana shan kafe. Haushinsa nake ji, kuma shi kaɗai ne nawa a Lyon.

Shef ɗinmu, baturen da ke shugabantar labo, Mushe Perrin, mayen duwatsu ne da siki, wasan nan na sulu bisa dusar ƙanƙara da dogayen katakai a ƙafa. Ba siki na ƴan hutu yake yi ba, wanda inji ke ja ka sama ka gangaro. Shi da ƙafarsa yake hawa, inda babu hanya babu kowa, a liƙa wata fata mai gashi ƙarƙashin siki don kada a zame baya, a kai ƙololuwa, a ɓare fatar a gangaro. Kowa a labo ya san a can yake auna mutane. Da ya ce ƴan istaj, wato mu masu koyon aiki, mu ma mu zo fitar ƙarshen Janairu, mun gane abin da ake nufi.

Ni na yi shekara biyu ina bin kulob ɗin ɗalibai, ina da kayana tsaf: dogon siki mai mita ɗaya da tamanin, da takalmin roba mai soso a ciki. Maazou sau biyu tak ya taɓa hawa, shi ma kan gajere na ƴan koyo.

Sati guda kafin fitar muka je Paris gaida Alhaji Ɗan Juma, aminin kawu, mai sayen gwanjo dila-dila a Porte de la Chapelle yana turawa gida. Bayan mun gaisa, an tambayi mutan Lyon da sanyi da gajiya, sai Maazou ya hango wasu siki jingine bayan tulin barguna. Gajeru ne, da ƙyar suka kai masa ƙirji, da maɗaurin waya wanda ke kama kowane irin takalmi, har da fatarsu a naɗe.

"Cikin kaya suka zo," in ji Alhaji. "Wa zai saye su a Maradi? Ɗauki, ɗana."

Maazou ya juyo gare ni. "Kai bawa, kai ka san abin nan. Za su yi?"

Na san ba za su yi ba. Irinsu sai ƙarshen hunturu, in ƙanƙara ta yi tauri kamar daɓe. Cikin sabuwar dusa mai zurfi, ƙato irin Maazou nutsewa zai yi. Na kuma san takalmin fatar da zai ɗaura a kai ba na wannan sanyin ba ne.

Na ce, "Sun ma fi nawa, ranka ya daɗe. Ba nauyi, ba wuyar juyawa. Dogo ai wahala ce kawai."

Niyyata a lokacin ya sha kunya gaban shef, shi ke nan. Haka nake faɗa wa kaina har yau.

Ranar Lahadi da hantsi muka sauka daga mota a gindin duwatsun Belledonne, bayan Grenoble, mu takwas. Dusa ta kwana biyu tana zuba. Mushe Perrin na ganin abin da Maazou ya ciro daga bayan mota ya tsaya cak.

"Da wannan za ka hau?"

Maazou ya dube ni. Na yi caraf na ce da faransanci, "Da su ya saba, Mushe. Ya fi ni iyawa a kansu." Shef ya ɗaga kafaɗa, ya ce to, kowa da nasa.

Rabin awar farko cikin itatuwa lafiya lau. Da muka fita fili, labari ya canja. Mu masu dogaye muna shafawa bisa dusar, shi kuwa kowane taku sai ya lume har gwiwa, ya zaro ƙafa, ya sake lumewa. Gumi ya jiƙa masa hula. Wani ɗan labo mai suna Didier ya ce ga mai haƙar rijiya an samu, aka kwashe da dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Har waƙa na yi masa da Hausa, ina kiran ubangidana ya taho a hankali kada ƙasa ta haɗiye shi. Shi ma dariyar yake yi, yana haki, don haka wasan yake.

Sau uku shef ya waiwaya ya tambayi lafiyarsa, "Ça va, Maazou?" Sau uku ya amsa, "Ça va, Mushe." To me zai ce? Mutumin da ya tashi a gidan kawu ba ya buɗe baki gaban babba ya ce na gaji, ko da ransa ake zarewa. Bature bai san wannan ba. Ni na sani.

Wajen sha ɗaya muka iso wata bukkar makiyaya ta dutse, ƙofarta a kulle. Maazou ya iso bayanmu da minti ashirin, leɓensa ya yi fari. Ya matso kusa da ni ya ce ƙasa-ƙasa, "Saley, ba na jin yatsuna." Rabon da ya kira ni da sunana har na manta.

Shef ya tambaye ni me ya ce.

Da na faɗi gaskiya, da an juya gaba ɗaya, an kai shi mota, an kunna masa zafi. Da kuma shef ya ce yaron kirki, ya yi ƙoƙari da kayan banza, wa ma ya ba shi shawarar su? Duk wannan ya gilma mini a kai kafin in buɗe baki.

Na ce, "Ya ce mu ci gaba. Zai huta nan ya jira mu."

Maazou yana jin faransanci fiye da ni. Ya ji abin da na faɗa sarai. Ya dube ni, ya dubi shef, sa'an nan ya ɗaga kai ya ce haka ne. Ƙaryata ɗan'uwa gaban baƙo, shi ma ba a koya masa ba.

Mun yi awa huɗu kafin mu dawo. Na hau da kyau ranar, ba zan ɓoye ba, har shef ya dafa mini kafaɗa a ƙololuwa. Da muka gangaro muka tarar ba ya bukkar. Ashe ya gaji da jira, ya kwance sikin ya saɓa a kafaɗa, ya nufi mota da ƙafa, yana lumewa har ƙugu. Can ƙasa muka same shi zaune gindin wani icce, takalmansa sun cika da dusa sun daskare. Da aka yanke igiyar aka zare su, Didier mai barkwanci ya kau da kai.

Yatsu huɗu aka cire masa a dama, biyu a hagu. Ya yi wata biyu kwance a asibiti a Lyon. Cikin Maris aka kira ni ofis aka miƙo mini takardar aiki, na sa hannu.

Na ƙi zuwa duba shi har sai da Alhaji Ɗan Juma ya taso takanas daga Paris, ya ce in raka shi. Muka tarar da mutanenmu na Vénissieux cike da ɗakin. Alhaji ya zauna yana ta salati, yana cewa laifinsa ne, shi ya ba da kayan. Sai wani dattijo, Malam Dodo, ya ce a'a, shi dai ya ji an ce akwai wanda ya san kan abin, ya yi shiru. Ido duk ya dawo kaina. Wallahi daɗi na ji. Na ce yau za a zage ni, a tofa mini yawu, in samu in yi kuka in roƙi gafara.

Maazou ya fashe da dariya daga kan gado.

"Haba Malam! Ku bar mini bawana. Wasa ne fa. Ya daɗe yana neman ramuwa, bana ya samu. Kai, amma ka iya!"

Aka yi dariya, wasu don dole. Malam Dodo ya ce to, tunda tsakanin taubasai ne, babu mai shiga. Maganar ta mutu nan.

Da suka fita salla na durƙusa bakin gadon na ce, "Maazou, don girman Allah ka yafe mini."

"In yafe me? Tsakanina da kai akwai laifi ne?" Fuskarsa ba dariya ko kaɗan yanzu. "Sun ce yau zan iya sa wa ƙafar ruwa. Ba na iya sunkuyawa. Ɗauko buta ka yi mini alwala."

Na ɗauko. Ya wanke hannu da fuska da kansa, sa'an nan ya yaye bargo ya miƙo mini ƙafar dama. Babban yatsa ne kaɗai a tsaye, sauran wurin ɗinki ne ja wur. Na zuba ruwa na shafa da sauri, na kai hannu zan ɗauki ta hagu.

Ya ce, "A'a, ba ka gama ba. Ka tsettsefe tsakanin yatsun."